Yaran da ake bar wa gadin takalma a lokacin wasanni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata firamare ta gwamnati. A aji biyar ina da yara fiye da 70. Cikinsu akwai yarinya mai jan ƙafar dama, hannunta na dama kuma a lanƙwashe yake, da yaro kurma, da zabiya wanda ba ya gani sosai, da wani mai farfaɗiya. In mun fita fili sai in zaunar da su a gindin bishiya su kula da takalma da jakunkuna, don ina tsoron wani ya ji ciwo iyaye su zo kaina. Ƙwallo biyu ne gare mu duk makarantar. Zuciyata ba ta kwanta da abin da nake yi ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Ka tashe su daga gindin bishiyar nan tun fita ta gaba. Cikin lalurori huɗun da ka lissafa babu wadda ke hana yaro wasa. Kowacce tana da abin kiyayewa, zan zo kansu ɗaya bayan ɗaya, amma wasan ne za ka gyara ya karɓi yaron. Aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne a asibiti, yara ne kuma mafi yawan waɗanda nake gani, don haka ta nan zan fara.

Mu da ke asibiti mu ne muke ganin inda zaman gindin bishiya yake kai yaro. Yarinya irin taka, in ta yi shekaru ba ta gudu, ba ta jifa, ba ta miƙa hannu, jijiyar agararta takan gajarce har ta koma taka ƙasa da yatsu kawai, gwiwar hannun ta ƙage, ita kanta ƙafar mai lafiyar ta yi rauni. Ƙashi ba ya yin ƙwari sai ana ɗora masa nauyi, zuciya da huhu ma sai ana sa su aiki. Daga baya a kawo ta tana budurwa ana maganar tiyata, a kan abin da motsin yau da gobe zai iya ragewa da yawa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga, da wasan ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako, ta kuma faɗa a fili cewa har da yara masu nakasa. A ganina su ne ma suka fi kowa buƙata, domin sauran yaran in an tashi makaranta za su buga ƙwallo a layi, za a aike su, za su yi guje-guje har magariba. Waɗannan huɗun, mai yiwuwa lokacinka ne kaɗai damar da suke da ita a duk mako.

Ga kuma abin da ajin yake koya. Yara 70 suna kallon malaminsu yana ware huɗu duk mako, ba sai an faɗa musu komai ba, sun riga sun fahimci matsayin da aka ba waɗannan huɗun. Shi ne za su tafi da shi kasuwa da ofis in sun girma. In hedimasta ya nemi hujja a rubuce, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi masu nakasa tare da kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya kuma a 2010, ta ambaci wasa da motsa jiki a cikin makaranta da sunansu a sashe na 30.

Kafin ka fita da su, ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban aji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambaye shi wane wasa yake yi a gida, me yake sha'awa in yana kallon 'yan ajinsu, me ke sa masa ciwo ko tsoro. Za ka sha mamaki. Yarinyar nan da kake jin tsoron ta faɗi, wataƙila ita ke ɗebo ruwa a gidansu, ita ke goyon ƙaninta, ta kuma fi kowa iya carafke da hannun hagu. Sannan ka nemi uwa ko uba ka ji abin da asibiti suka ce, ko yaron yana shan magani, da abin da aka taɓa hana shi. Ka rubuta a littafinka. Wannan zaman shi ne rabin maganin tsoron da kake ji, domin uban da aka yi shawara da shi tun farko ba ya zuwa da faɗa don an kurje gwiwa.

Bari in daɗe a kan yarinyar, don ta wajenta ne za ka koyi dabarar da za ta yi maka aiki a kan kowa. Mutane za su ce shan inna ne. Da wuya. Rabon Najeriya da ƙwayar shan inna ta asali tun 2016 a Borno, an kuma tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agustan 2020. Hannu da ƙafa na gefe ɗaya, a sanƙare, sun fi kama da raunin da ke samun ƙwaƙwalwar jariri saboda doguwar naƙuda, ko ciwon shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gwajin asibiti ne zai tabbatar. In shi ne, raunin ba ya ƙaruwa, ba a kuma ɗaukarsa, amma gaɓoɓin suna ƙagewa in ba a motsa su. Abubuwa uku za ka lura da su a fili. Sauri da tsoro da sanyi da ihun jama'a suna ƙara sanƙarar da tsokar, don haka in ka ce mata "yi sauri" hannun zai ƙara dunƙulewa. Tafiya kawai tana cin ƙarfinta fiye da na sauran yara, a wasu har ninki biyu ko fiye, saboda haka za ta riga kowa gajiya, kuma ba lalaci ba ne. Na uku, kada ka taɓa kama hannun ka miƙar da ƙarfi. Ba ta babbar ƙwallo mara nauyi wadda dole sai da hannu biyu ake riƙe ta, hannun zai shigo aiki da kansa. Ta bar takalminta a ƙafa in mai rufi ne, silifas kuwa ya fi komai kayar da irinsu.

Duk wasan da ka sani yana da abubuwa huɗu da suke hannunka: filin, dokar, kayan, da yadda ka raba mutanen. Masu horar da malaman wasanni a Ingila da Ostireliya sun daɗe suna koyar da wannan, kuma ba ya cin ko kwabo. Fili kana iya rage shi, ko ka ja layi da toka ka ware wani yanki. Doka kana iya sassauta ta ko ka tsaurara. Ƙwallo kana iya sa babba, ko mai laushi, ko mai ƙara. Mutane kana iya raba su biyar-biyar maimakon sha ɗaya-sha ɗaya. In wasa ya ƙi karɓar yaro, ka taɓa ɗaya daga cikin huɗun nan ka sake gwadawa.

Ɗauki wasan miƙa ƙwallo da hannu, inda ƙungiya ke cin maki in ta yi miƙa goma ba a ƙwace ba. Ka sa doka cewa duk wanda ƙwallo ke hannunsa ba a matso shi kusa da taku biyu, yana da daƙiƙa uku ya jefa. Dokar ta kowa ce, amma yarinyar ce ta fi amfana. A nan akwai kuskuren da malamai masu kyakkyawar niyya suke yawan yi: sai su ce ba a cin maki sai ƙwallo ta bi ta hannun wance. Kada ka yi haka. Ka mayar da ita kaya a wuyan ƙungiyarta, abokan hamayya kuma duk za su taru a kanta, in ta yar kowa ya yi tsaki. Ka ce maki ba ya ciyuwa sai kowane ɗan ƙungiya ya taɓa ƙwallon. Yanzu ba ita kaɗai ake jira ba, har da yaron nan mai kunya da ba a taɓa jefa wa ba, kuma gwanin ajin da ya saba cinye wasa shi kaɗai dole ya ɗaga kai ya nemi mutane.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A ba yaro usur a ce shi ne alƙali, ko a ba shi alli ya riƙa rubuta maki, ko a tsayar da shi gola a ragar da ƙwallo ba ta zuwa, sai malam ya ji ya shigar da shi. Gadin takalma ne aka sake wa suna. Alƙalanci abu ne mai kyau in yana zagayawa kan kowa. Gwajin da nake ba malamai mai sauƙi ne: in an tashi, yaron ya yi gumi? Ƙwallo ta zo hannunsa? Akwai lokacin da ƙungiyarsa ta dogara da shi? In amsar a'a ce, bai yi wasa ba. Haka nan kada ka sa yara su bar yarinyar ta ci da gangan. Za ta gane, kuma wannan tausayin ya fi faɗuwa ciwo.

Kada ka ji tsoron cewa sauran yaran za su ƙi. Yaranmu sun tashi da langa, wasan da kowa ke kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna don a kare ruwa ya kai gida. Sun san daɗin wasan da doka ta ɗaure wa kowa gaɓa ɗaya. Saboda haka wata rana ka juya abin: maimakon a shigar da yarinyar wasansu, su su shigo wasan da ta fi sakewa a ciki. Ɗaura igiya tsakanin itace biyu, tsayinta daga ƙasa kamar mita ɗaya, kowa ya zauna a ƙasa ko a tabarma, a buga ƙwallon raga a zaune da balan-balan ko ƙwallon leda, doka ita ce ba a ɗaga mazaunai daga ƙasa lokacin bugu. Wasa ne na gaske, an fara shi a ƙasar Holan a 1956, ana buga shi a gasar Olamfik ta masu nakasa a fili mai mita 10 da mita 6, tsayin raga mita 1.15 ga maza, 1.05 ga mata. Ko ka ɗura yashi a tsofaffin safa ka ƙulle, ka ajiye farin dutse a tsakiya, ƙungiyoyi biyu su yi ta jifa a ga na wa ya fi kusa. Shi ne ainihin bociya, wasan da aka tsara don masu irin lalurarta, wanda ya shiga waccan gasar a 1984. A irin wannan, natsuwa da saiti ne ke ci, ba gudu ba.

Maganar ƙwallo biyu kuwa, yara 70 a kan ƙwallo ɗaya ko masu lafiya ba su samu wasa ba. Goma ne ke bugawa, sittin suna bin ƙura. Raba su rukuni bakwai ko takwas, kai da kanka, ta hanyar ƙirga, kada ka bari kyaftin biyu su tsaya suna zaɓe, domin ka san wanda zai rage a ƙarshe. Kowane rukuni da tasharsa: nan tsallen igiya, can jifan saiti, can 'yar gala-gala, can miƙa ƙwallo, bayan minti bakwai ko takwas a juya. Yaran da kansu za su haɗa maka ƙwallayen leda da tsumma a kwana ɗaya. Ka rage wasannin da wanda ya faɗi yake fita, domin wanda ya fi buƙatar motsi shi ne ke fara fita. In ana son hukunci, wanda ya faɗi ya yi tsalle biyar ya dawo.

Kurman ajinka shi ne wanda aka fi zalunta, don jikinsa ba abin da ya same shi. Kurame suna da gasarsu ta duniya tun 1924 a Faris, kafin a fara ta sauran masu nakasa da shekaru masu yawa. Abin da ya hana shi wasa usur ɗinka ne kawai. Ka riƙe jan ƙyalle, duk lokacin da ka busa ka ɗaga shi, ka koya wa ajin cewa wanda ya ji usur ya tsaya cak ya ɗaga hannu, shi kuma zai gani. In za ka yi bayani, ka tsaya inda yake ganin fuskarka, rana tana haska ka ba tana bayanka ba, ka nuna da jiki kafin ka faɗa da baki. Ka roƙe shi ya koya wa ajin alamu kaɗan na maganar hannu: fara, tsaya, jefo, fita, an ci. A tsere, saukar da ƙyalle ne alamar tashi ga kowa. Ka dai kiyaye shi da filin da ke bakin titi, tunda ba zai ji hon ba. Cikin mako biyu kana iya samun kanka da sabon ɗan gaba a ƙungiyar makaranta.

Zabiyan matsalarsa biyu ce, rana da ido. Fatarsa ba ta da sinadarin da ke kare ta, ƙunar rana da ke maimaituwa ita ce ke kai su ga kansar fata tun suna matasa, kuma wannan ba abin wasa ba ne a ƙasa irin tamu. Nemi hedimasta ya matso da lokacin wasannin ajin zuwa safiya kafin ƙarfe 10, domin daga nan zuwa ƙarfe 4 ne rana ta fi cutarwa. Ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da malafa ko hula mai faɗin baki, ko da sun saɓa wa yunifom, tasharsa kuma ta kasance a inuwa. Ga ido, ƙwallo mai launi mai ƙarfi, wadda ake gangarawa a ƙasa ko a buga ta ƙasa ta taso, ta fi masa wadda ke saukowa daga sama cikin hasken rana. Mai jefo masa ya kira sunansa tukuna. Layukan fili su yi kauri. Ka zagaya da shi filin kafin a fara ya san inda rami da kututture suke. Ƙwallo mai ƙara kuma ba sai an saya ba: ka sa ƙwallonka cikin leda mai ƙara ka ƙulle, ko ka zuba marafan kwalba a ƙaramar gora ka naɗe da tsumma. Da ita za ku yi golbol, wasan da aka ƙirƙira a 1946 don sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu: mutum uku-uku, kowa an ɗaure masa ido, ana gangaro ƙwallo mai ƙararrawa, masu tsaro suna kwantawa su tare ta da jiki, 'yan kallo kuma dole su yi tsit. Yara suna son sa ƙwarai. Sharaɗi ɗaya: a yi shi a matsayin wasa mai gwaninta, ba don a ce "ku ji yadda wane yake ji" ba.

Na san mai farfaɗiyar ne ya fi tsaya maka a rai. Motsa jiki ba kasafai yake tayar da farfaɗiya ba, ga yawancin masu ita ma yana taimakawa. Abin da ya fi tayar da ita shi ne tsallake magani, da rashin barci, da zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita suna iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, don haka tambayarka ta farko ga iyayensa ita ce ko yana shan maganin asibiti a kan kari. Gudu, ƙwallo, tsalle, jifa, duk ya yi. Abin da za ka hana shi ne inda faɗuwa za ta zama halaka: hawan bishiya ko katanga, iyo a kududdufi ko rafi ba tare da babba a kusa ba, da wasa a bakin rijiya ko wuta.

In farfaɗiyar ta tashi a fili, ka duba agogo, ka janye duwatsu, ka sa riga a ƙarƙashin kansa, ka sassauta masa wuya. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙori kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo, kada a kai ƙafarsa wuta, kada a turara masa hayaƙi. Da jijjigar ta lafa ka juya shi ta gefe don yawu ya fita, ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, ka kore taron. In ta wuce minti biyar, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko ya bugu a kai, sai asibiti nan take. Ka kuma faɗa wa ajin, da izinin yaron da iyayensa, cewa yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. Wannan camfin ne ke sa a watse a bar yaro yana birgima shi kaɗai, shi ne kuma ke sa a ƙi haɗa ƙungiya da shi. Ka lura: a gindin bishiyar ma tana iya tashi, a lokacin da kai kana can nesa da shi.

Tunda muna nan, ka bincika ko akwai mai sikila a ajin da ba ka sani ba. Ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya. Shi ma yana wasa, amma ya sha ruwa kafin a fara da tsakiya da bayan an gama, ya huta duk lokacin da ya ce ya gaji ba tare da an yi masa gori ba, a kiyaye shi da zafin rana da sanyin hunturu da tseren da ake yi har numfashi ya ƙare. Ciwon ƙirji, ko na ƙashi, ko numfashi sama-sama, a tsaya a kira gida. Mai asma kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa, abin shaƙarsa ya zo fili tare da shi.

Za a ji ciwo? Za a ji, kamar yadda sauran yaran ke ji. Kurjewar gwiwa haƙƙin yaro ne. Abin da ke kanka shi ne ka share filin daga kwalba da ƙusa, ka haɗa yara daidai girmansu a duk wasan da ake gogayya, ka fara da ɗumama jiki, ka tanadi ruwa da auduga da filasta. Ga iyayen da suka ce a bar musu ɗansu ya zauna, kada ka yi musu wa'azi. Shekaru suka yi suna kare shi daga faɗuwa da bakin mutane, tsoronsu yana da dalili. Gayyaci uban ya zo ya tsaya daga gefe rana ɗaya. Ganin ɗansa yana dariya cikin tsara ya fi duk bayanin da ni da kai za mu yi. Ga yarinyar kuma, uwa za ta so ta ji cewa suturarta a rufe take, wando a ƙarƙashin riga, hijabi ɗan daidai wanda ba zai harɗe ta ba, kuma rukuninta na 'yan mata ne.

Tsokana ita ce za ta iya rushe maka komai, ka tare ta tun ranar farko. Sunan yaro sunansa, ba a kiran kowa da lalurarsa a filinka, har malamai 'yan uwanka. Yaranmu sun san ƙissar Abdullahi ɗan Mas'ud, lokacin da ya hau itace iska ta buɗe sirarran ƙwaurinsa wasu suka yi dariya, Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Tuna musu ita sau ɗaya, sannan ka tsaya a kan dokarka. In za ka haɗa yaro da abokin taimako, abokin ya riƙa canjawa, aikinsa kuma ya yi wasa tare da shi, ba ya yi masa wasan ba.

Ka ba ajin labarin waɗanda suka yi nisa. Gasar masu nakasa ta samo asali ne daga wani likita, Ludwig Guttmann, wanda ya ƙi yarda a bar sojojin da suka karye a ƙashin baya suna kwance a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. A 1948 ya shirya wa mutum 16 gasar harbin kibiya a keken guragu, a 1960 abin ya zama gasar duniya a Rum. Najeriya ta fara zuwa a 1992. A Landan a 2012 'yan wasanmu masu nakasa sun ciyo lambobi 13, shida na zinare, a shekarar da tawagar Olamfik ta dawo hannu rabbana. A Faris a 2024 sun ciyo bakwai, cikinsu har da tagullar Mariam Eniola Bolaji a badminton tana shekara 18. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya kuwa namu ne na gida, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro shi a 1988. Wasannin da masu nakasa ke yi su kaɗai suna da muhimmanci, a can ne yaro ke ganin manya irinsa, a can ne kuma mai baiwa zai samu koci. In ka ga alamar baiwa, ka tuntuɓi hukumar wasanni ta jiharku ko makarantar masu buƙata ta musamman da ke kusa, irin ta Tudun Maliki a Kano. Sai dai ina roƙonka kada lambar zinare ta zama dalilinka. Cikin huɗun nan wataƙila babu wanda zai taɓa shiga gasa, kamar yadda sauran sittin da wani abu ba za su shiga ba, kuma ba wanda ya ce su su zauna saboda haka.

Saura gasar gidaje ta ƙarshen shekara da ba da maki. A gasar, kada a shirya "tseren nakasassu" na mutum uku don baƙi su yi tafi su jefa kuɗi. Ka sa jifan saiti da ƙwallon raga ta zaune da golbol cikin jerin wasannin da kowane gida zai kawo 'yan wasa, makinsu kuma ya shiga lissafin kofi daidai da na tseren mita 100. A tseren miƙa sanda kana iya raba zangon ba daidai ba, wani ya yi mita 20 wani 80, muddin jimillar kowane gida ɗaya ce. A maki kuwa, ka auna yaro da kansa: a farkon zango ka rubuta nisan jifar yarinyar, da yawan ƙwallon da ta cafe cikin goma, da mintocin da take yi kafin ta nemi hutu, a ƙarshen zango ka sake aunawa. Wannan takardar ka ba iyayen kwafi su tafi da ita asibiti, tana yi mana amfani ƙwarai. In ka ga dunduniyarta ta daina taɓa ƙasa, ko faɗuwa ta ƙaru, ko tana kukan ciwon ƙugu ko gwiwa bayan wasa, ka ce su kai ta sashen gashi na babban asibitin da ya fi kusa da ku, ko Asibitin Ƙashi na Dala in kuna wajen Kano, a duba ko tana buƙatar takalmin gyara. Kafin ranar ganin likitan ta ci gaba da fitowa fili, a rage mata gudu kawai, a ƙara mata jifa da wasan zaune.